Jari Cikin Duhu: Mutum Nawa Ne A Yola Da Jimeta?

Ƙidayar 1991 ta sami mutum miliyan 2.1 a Jihar Adamawa, ta 2006 kuwa kusan miliyan 3.2. Daga nan ba a sake ƙirga jama'a ba, domin an ɗage ƙidayar 2023. Alhali kuwa a 2014 dubban 'yan gudun hijira daga Mubi, Michika da Madagali sun kwararo Yola da Jimeta.

Wannan ba matsalar gwamnati kaɗai ba ce. Mai gina gidajen haya a Wuro Hausa da dillalin hatsi a kasuwar Jimeta duk bisa kintace suke zuba jarinsu, ba su san yawan magidantan da za su saya ba.

Ƙasar Holan rabonta da ƙidayar gida-gida tun 1971. Rajistar haihuwa, mutuwa, aure da ƙaura ta ƙananan hukumomi ce ke ba ta alƙalumma kowace shekara.

Mu ma Dokar Soja mai lamba 69 ta 1992 ta wajabta rajistar haihuwa da mutuwa. Ya kamata ƙungiyoyin 'yan kasuwa su matsa lamba a aiwatar da ita sosai, su kuma fara da iyalansu.