Harajin hayaƙi da J5 ɗin Ƙofar Doka

Jiya da yamma a Ƙofar Doka wata tsohuwar J5 ta tashi a gabana, ta yi mana wanka da baƙin hayaƙi, har mai tsiren gefen titi ya rufe namansa da takarda. Wallahi har na kai Babban Dodo ina tari. Shi ya sa na ce bari in sa baki a maganar ɗora wa tsofaffin motocin dizal haraji gwargwadon hayaƙinsu.

An taɓa gwada mai kama da shi. A 2023, dab da saukar Buhari, aka sa harajin kare muhalli a kan motocin da ake shigowa da su: kashi 2 cikin 100 ga injin cc 2,000 zuwa 3,999, kashi 4 daga 4,000 zuwa sama. Tinubu ya dakatar da shi a watan Yuli. Ni dai ko a jikina, don girman inji suka auna, ba hayaƙi ba.

Ba wai ina kare hayaƙi ba ne, jama'a. A Landan, tsohuwar motar dizal fam 12.50 take biya duk ranar da ta hau titi. Mai ita ya gaji ya sayar, irinta kuma jirgin ruwa ke kwasowa zuwa Legas da Kwatano. Mu ne juji ke nan.

Amma ku duba ɗaya gefen. Tun da aka hana shigo da mota ta iyakar ƙasa a Janairun 2017, naira kuma ta zo ta faɗi, Beljiyam ta fi ƙarfin direba. In ka ƙara masa haraji, ba sabuwa zai saya ba. Gareji zai koma, a sauke inji, a canja ringi, J5 ɗin nan ta ƙara shekara goma tana mana turare. Kuɗin gyaran kuma a kan buhun masarar da ta ɗauko daga Giwa zai fita.

Don haka in za a sa, a sa shi da hannu biyu. ECOWAS ta amince da ma'aunin Euro 4 tun 2020. Wadda ta gaza shi a tsawwala mata, wadda ta cika shi a rage mata kuɗin kwastan sosai, musamman bas da motar ɗaukar kaya, yadda direba zai ga riba a canja mota.

Direbobi da dillalan mota da ke nan, ku faɗa min gaskiya: nawa za a rage muku ku yarda ku ajiye tsohuwar?