Kafin A Ce An Cuce Mu, A Buɗe Kwamfutar A Duba



Maganar da ta fi yawo a makarantarmu wannan zangon ita ce ta babbar kwamfutar ɗakin na'ura. Da kuɗin PTA aka saya mata sabuwar ƙwaƙwalwa, wato firosesa, don ta ƙara sauri. A jikin kwalin an rubuta gigahaz 3.2, amma da aka kunna gudunta ko gigahaz 1 bai kai ba. Word kaɗai idan za ta buɗe, sai mutum ya gaji da kallon allo. Wasu sun ce jabu aka sayar mana, wasu sun ce kwamfutar ce ta tsufa, a kai ta sito. Mu 'yan ƙungiyar jarida ba mu goyi bayan ko ɗaya ba tukuna. Ra'ayinmu shi ne a bincika ta a nan cikin makaranta, kuma a gaban ɗalibai.

Malamin kwamfuta ya koya mana cewa gigahaz 1 yana nufin bugu biliyan 1 a cikin daƙiƙa ɗaya. Amma lambar da ke jikin kwali ba alkawari ba ne cewa kullum haka za ta riƙa gudu. Firosesa tana rage gudu da kanta idan babu aiki, don kada ta sha wuta a banza. Saboda haka wanda ya danna Ctrl da Shift da Esc, ya buɗe Task Manager, ya ga ƙaramar lamba alhali ba a aikin komai, bai gano laifi ba. Sai a ba ta aiki mai nauyi tukuna. Idan lambar ta tashi, lafiya lau. Tamu an gwada, ba ta tashi ba.

Abu na farko da ya kamata a duba ko sisi ba ya ci. A cikin Windows akwai wuri mai suna Power Options. Idan an bar shi a kan Power saver, ko an rage iyakar gudun firosesa a ciki, tamkar an ɗaure wa doki ƙafa ne ana tambayar me ya hana shi sukuwa. Minti biyu sun isa a mayar da shi Balanced.

Abin da muka fi zargi shi ne zafi. Firosesa idan ta yi zafi sosai, ta kusa digiri 100, sai ta ja birki da kanta don kada ta ƙone. Wannan dabara ce aka gina mata, ba lalacewa ba ce. To wa bai san ƙurar hunturu a Doguwa ba? Da safe mu share tebur, kafin a tashi tara mutum zai iya rubuta sunansa da yatsa a kansa. Tagogin ɗakin na'ura biyu ba su rufuwa, kuma kwamfutar a ƙasa take zaune, fankarta tana zuƙar duk abin da tsintsiya ta tayar. Ko babur ɗin da ke bin hanyar Riruwai, idan ƙura ta toshe masa wurin shan iska, hawan tudu gagararsa yake yi, kuma ba wanda ke cewa a jefar da shi.

Bayan ƙura akwai wani mai, mai kama da man goge baki, da ake shafawa tsakanin firosesa da ƙarfen da ke ɗauke mata zafi. Duk lokacin da aka canza firosesa dole a goge tsohon man a sa sabo, ɗan kaɗan kamar ƙwayar wake. Kuma ƙarfen yana da ƙafa huɗu, idan ɗaya ba ta zauna daidai ba zafi ba zai fita ba. Mu dai ba mu ce mai gyaran bai yi aikinsa ba, tunda ba ma wurin. Abin da muke cewa shi ne ba wanda ya buɗe ya gani, amma kowa ya riga ya yanke hukunci.

Idan duk wannan lafiya, saura BIOS, ɗan shirin da ke fara tashi kafin Windows. Wani lokaci tsohon BIOS ba ya gane sabuwar firosesa sosai sai an sabunta shi. Wannan kam ba aikin yara ba ne, domin idan wuta ta ɗauke ana tsakiyar yi, kwamfutar na iya ƙin tashi gaba ɗaya. Da irin janaretonmu, gara a bar wa gwani.

Wani zai ce me ya sa ba za a ɗauke ta a kai Kano ba, titin Beirut ko Farm Centre, a huta? Kuɗin mota zuwa da dawowa daga nan ba wasa ba ne, kuma iyayenmu masara suka sayar suka biya na farko. Idan ta tafi, sai mu yi makonni muna zana madannai a littafi maimakon taɓa su. Tun 2015 jarrabawar JAMB a kwamfuta ake rubuta ta. Yayyenmu da dama ranar jarrabawar suka fara riƙe linzami, hannu na rawa. Ba ma so mu ma mu je haka.

Wasu kuma suna tsoron ɗalibai za su lalata ta. Ba mu ce a ba mu sukundireba ba. Kallo muke roƙo. A zaɓi biyu daga kowane aji, mace da namiji, su tsaya yayin da malam ya cire wuta, ya buɗe murfi, ya hure ƙurar, ya duba man da fankar. Mu rubuta lambar gudun kafin a fara, mu sake rubutawa bayan kowane mataki. Idan an gama duka ba ta canza ba, to akwai hujja a takarda da za a kai wa wanda ya sayar, ba jita-jita ba.

Muna roƙon shugaban makaranta ya ba mu ranar Alhamis bayan an tashi. Kafin nan, 'yan aji biyu sun ce za su kawo ƙyallen rufe ta, kuma akwai benci a bayan ofis da za a iya ɗora ta a kai. Lambobin da aka samu za mu liƙa su a wannan allon mako mai zuwa, in sha Allahu.

Daga wakiliyar ƙungiyar jarida, aji biyu na ƙaramar sakandare.