Ku ƙyale "due to", ba nan matsalar take ba

1/ Jiya wani mai gyara wa mutane Turanci a nan ya yi wa wata yarinya tsiya don ta rubuta "Due to rain, I came late." Wai kuskure ne, sai dai "because of". Haba malam!

2/ Tsohuwar doka ce. Fowler ya kafe a kanta a littafinsa na 1926. Amma yau jaridun Ingila da Amurka kansu suna buɗe jimla da "due to". Mu ne za mu fi mai ƙora shafawa?

3/ Inda yaranmu ke faɗuwa daban ne. "Saboda" ɗinmu na ɗaukar komai: saboda zazzaɓi, saboda ina zazzaɓi. Turanci kuwa ya raba su. "Because of" suna ke bin ta, "because" kuma cikakkiyar jimla.

4/ Shi ya sa ɗalibi zai rubuta "because of I am sick" a WAEC, maki ya zube. Daidai shi ne "because I am sick" ko "because of fever".

5/ Wannan za ku koyar, don Allah. Yarinyar nan ta goge rubutunta alhali ba ta yi laifi ba. Wa zai ba ta haƙuri?