Ku daina ce wa iyayenmu mata "ki huta"

1/ Zare ne mai ɗan tsawo, kuma na san wasu za su ji haushi. Duk wanda ke tura wa mahaifiyarsa kuɗi yana cewa "Inna, ajiye saƙar nan ki huta, kina ba ni kunya", to da shi nake.

2/ Ni ɗan Gwashi ne, a Bukkuyum. Ka zaga daga Anka har Gummi ka ƙirga gidajen da aka haifi yara bakwai, takwas, yau babu ko ɗaya a ciki. Wannan yana karatu a Gusau, wancan Sakkwato, wani ya tafi ci-rani Legas, 'yan matan an kai su ɗaki. Wasu kuma 'yan bindiga ne suka hana su zaman gida.

3/ Baba yana da masallaci, yana da majalisa, yana da kasuwa. Ita fa? Matar da ta yi shekara talatin ana "Inna ina tuwo, Inna wane ya buge ni", yau daga ita sai kaji a tsakar gida. Babbar tukunyar ma an kife ta.

4/ Turawa suna kwatanta wannan hali da sheƙar da 'ya'yan tsuntsu suka tashi suka bari. Mu nan in ta ce tana kewa, sai a ce mata ta gode Allah tunda yara sun zama mutane. Wa ya ce ba ta gode ba? Annabi Yaƙub ma baƙin cikin rabuwa da Yusuf sai da ya taɓa masa idanu.

5/ Iyayenmu sun san maganin abin tun kafin a haife mu. Saƙar faifai da tabarma, ɗinkin hula, kaɗi da mazari, waƙar daka. Mai ɗinkin hula tana lissafin zare ɗaya bayan ɗaya, babu filin zama tana tunanin ko motar ɗanta ta wuce dajin lafiya.

6/ Kuma sana'a tana jawo mutane. Maƙwabciya ta shigo aron allura, yarinya ta zo koyo, uwar amarya ta aiko a yi mata faifai goma. Gidan da ya yi tsit ya sake jin sallama. Innata in ta jiƙa kaba ta baza rini, har la'asar ba ta rasa abokin hira.

7/ Sai ɗan boko ya zo hutu ya ce a kwashe "tarkacen nan", wai kada a ce ya kasa riƙe uwarsa. Malam, mutuncinka kake karewa, ita kuma ka bar ta da kallon bango. Ka raba ta da abin da ke cika mata yini, me ka ba ta a madadinsa? Alat?

8/ Masu cewa "ai kullum ina kiranta", ku tuna Satumbar 2021. An rufe layukan waya a Zamfara kaf, an dakatar da kasuwannin mako. Aka yi makonni babu kira, babu saƙo. Uwa ba ta san ɗanta yana raye ba. Abin da ya rage a hannunta a lokacin shi ne allura da zare da kaba.

9/ Ku duba tarihinmu ma. Nana Asma'u 'yar Shehu, da ta rasu a 1864, dattijan mata ta zaɓa ta naɗa su jaji. Su suka riƙa kai waƙoƙinta na karantarwa ƙauyuka ga 'yan taru. Ta ga matan da suka gama raino, ta ɗora musu aiki, ba ta ce su je su kwanta ba.

10/ Ciro naira ashirin ka juya bayanta. Ladi Kwali ce, maginiyar tukwane. Marigayiya Barmani Choge kuwa, da ƙwarya ta yi suna har ta rasu a 2013. Duk kayan tsakar gida ne, irin waɗanda kake kira ƙauyanci.

11/ A Amurka akwai wata tsohuwa da ake kira Grandma Moses. Ciwon gaɓɓai ya hana ta ɗinki, sai ta koma zane tana da shekara saba'in da 'yan kai, bayan 'ya'yanta sun girma. Ta rasu a 1961 tana da shekara 101, zanenta yana gidajen tarihi. Da a wajenmu ne, da wani ɗanta ya ɓoye fentin.

12/ Na san za a ce idonta ya yi rauni, bayanta na ciwo, ribar ma ba ta taka kara ta karya ba. Gaskiya ne. To kai ta asibiti a auna idon a ba ta tabarau. Saya mata fitila mai sola da kujera mai jingina. Wa ke yanke hannu don yatsa na ciwo?

13/ Maganar riba kuma, su wa ke karya farashin? Ka ga faifai an liƙa a bangon wani gidan abinci a Abuja, ka ɗauki hoto ka sa a status. Na gidanku kuwa kyauta kake ɗauka, ko a taya shi kuɗin kati ka ce ya yi tsada.

14/ Ga abin yi, ba wuya. In za ka tura kuɗi, ware na zare da rini. Ka ba ta aikin hular sallarka, ka biya yadda za ka biya a kasuwa. Da izininta, ka ɗora hoton kayanta a WhatsApp. In ka kira, ka tambaye ta wane zane take kai, ka ji yadda muryarta za ta canza.

15/ 'Yan mata, ku ma da ku nake. In kun je gida ku zauna ku koya, ku naɗi waƙoƙin daka da tatsuniya a waya. Ranar da babu ita, ba za ku same su a TikTok ba.

16/ Wanda bai yarda ba, ga fili nan. Amma kafin ka zage ni, kira Innarka ka tambaye ta yadda ta yi yinin yau daga hantsi zuwa magariba. Sai ka dawo mu yi magana.