DUNIYA MAKARANTA: Daren da jirgin sama ya kusa sauka bisa jirage huɗu

A wannan wata filin Duniya Makaranta zai kai mai karatu nesa, har ƙasar Amurka. Labarin na gaskiya ne. Ya faru a daren 7 ga watan Yuli na shekara ta 2017, a filin jirgin sama na wani babban birni da ake kira San Faransisko. A daren nan mutum fiye da 1,000 sun kusa rasa ransu cikin ƙiftawar ido. Allah ya kiyaye, ba wanda ya mutu, ba wanda ya ji ciwo. Amma yadda suka tsira akwai abin koyo a ciki.

Yaya filin jirgi yake?

Kafin a shiga labari, ya kamata a san yadda filin jirgi yake.

A babban fili akwai hanyoyi iri biyu. Ta fari ita ce hanyar sauka. Doguwa ce, mai faɗi, miƙaƙƙiya. Bisanta jirgi yake gudu ya tashi, bisanta kuma yake sauka. Ta biyu ita ce hanyar gefe. Nan jirage suke tafiya sannu sannu, su jera, kowane yana jiran a ba shi izinin tashi. Kamar yadda garken shanu suke jeruwa a burtali kafin su isa mashaya.

Da dare fitilu ne suke raba hanyoyin biyu. Fitilun gefen hanyar sauka farare ne. Na gefen hanyar jira shuɗɗa ne, na tsakiyarta kuwa kore.

Akwai kuma wani dogon gini, hasumiya. A samanta wani ma'aikaci yake zaune, shi ne mai ba da hanya. Yana magana da matuƙa ta radiyo. Ba jirgin da zai tashi ko ya sauka sai ya ce to.

A San Faransisko akwai hanyoyin sauka biyu da suke kwance kusa da juna, kamar kunyoyi biyu a gona. Ɗaya ta hagu, ɗaya ta dama. Kusa da ta dama kuma akwai hanyar gefe, ita ma doguwa, miƙaƙƙiya. Wato matuƙin da ya taho daga nesa, abu uku ne a gabansa: hanyar hagu, hanyar dama, sannan hanyar gefe.

Abin da ya faru

Jirgin na kamfanin Air Canada ne, ƙirar Airbus A320. Ya taso daga birnin Toronto na ƙasar Kanada. Yana ɗauke da fasinja 135 da ma'aikata 5. Matuƙansa biyu ba sababbin hannu ba ne. Babban ya yi awa fiye da 20,000 yana tuƙi a sama. Mataimakinsa ya yi wajen awa 10,000.

Sun iso kusa da ƙarfe 12 na dare. Sama garau take, babu hazo. Mai ba da hanya ya ce su sauka bisa hanyar dama.

To, a daren nan an rufe hanyar hagu, ana gyaranta. An kashe fitilunta. Saboda haka matuƙan suka hangi layi biyu na haske, kamar yadda suka saba gani. Sai suka ɗauka na hagu shi ne hanyar hagu, na dama shi ne tasu. Alhali na hagun shi ne tasu, na daman kuwa hanyar gefe ce. Manomin da ya kuskure kunyar fari wajen ƙirga, duk sauran ƙirgarsa ta ɓaci.

Bisa hanyar gefen nan akwai jirage huɗu a jere, suna jiran tashi. Uku na kamfanin United ne, ɗaya na Philippine Airlines. Ɗaya zai tafi Singafo, ɗaya Manila, ɗaya Sidni ta ƙasar Ostareliya, ɗaya Kankun ta ƙasar Meziko. Duka tafiye-tafiye ne masu nisa. Kowane cike yake da mutane, cike da mai.

Jirgi mai sauka yana gudun wajen kilomita 250 a awa guda. Wato daga Maradi zuwa Damagaram cikin kamar awa ɗaya. A daƙiƙa guda yana cin wajen mita 70. Da irin wannan gudu jirgin Kanada ya nufo jiragen nan huɗu.

Da suka matso, sai matuƙan suka ga wasu fitilu bisa hanyar da suka nufa. Hankalinsu bai kwanta ba. Mataimakin ya kira hasumiya ya tambaya ko lalle an ba su izinin sauka, don suna ganin fitilu a gabansu. Mai ba da hanya ya duba hanyar dama, ya ga babu kowa. Ya ce musu su sauka, hanyar tasu ce su kaɗai. Gaskiya ya faɗa. Sai dai shi da su ba hanya ɗaya suke kallo ba.

A filin jirgi, duk matuƙan da suke kusa suna jin abin da ake faɗa ta radiyo. Matuƙin jirgin da yake gaban layi ya ji wannan tambaya. Ya ɗaga ido, ya ga haske yana nufo shi kai tsaye. Ba da shi ake magana ba. Amma bai yi shiru ba. Ya danna radiyo ya ce: "Ina wannan mutum zai je?" Ya ƙara da cewa: "Yana bisa hanyar gefe!"

Matuƙan jirgi na biyu, na Philippine Airlines, su kuma suka kunna manyan fitilunsu don a gan su.

A daidai lokacin nan matuƙan Kanada suka yanke shawara. Mataimakin ya ce a fasa sauka, babban kuwa ya riga ya tura wa injuna wuta. Amma jirgi kaya ne mai nauyi. Injinsa yana ɗaukar ƴan daƙiƙoƙi kafin ya kawo ƙarfi. Sai da jirgin ya ƙara nutsawa, har ya rage mita 18 tsakaninsa da ƙasa, kamar tsayin giginya. Jelar babban jirgi kuwa tana kai wajen mita 17. Masu bincike sun auna daga baya. Sun ce abin da ya raba cikin jirgin Kanada da jirgi na biyu bai wuce mita 3 zuwa 6 ba. Tsayin ɗaki ɗaya ko biyu ke nan.

Daga nan jirgin ya ɗaga. Ya wuce bisa sauran biyun, ya kewayo, ya sauka lafiya bisa hanyar da aka ba shi tun fari.

Da aka tambayi matuƙan, sun ce ba su tuna sun ga jirage a ƙasa ba. Sun dai ji a ransu cewa wani abu ba daidai yake ba. Wannan shakka ita ce ta sa suka fasa.

Me bincike ya gano?

A Amurka akwai hukuma mai binciken haɗarin jirage da motoci da jiragen ƙasa, ana kiranta NTSB. Aikinta ta gano dalili, don kada abin ya sake faruwa. Ta fitar da sakamakon bincikenta a shekara ta 2018. Ga manyan abubuwan da ta gano.

Na fari, takarda. Kafin kowane jirgi ya tashi ana ba matuƙa takardun sanarwa. A daren nan takardun shafi 27 ne. Labarin rufe hanyar hagu yana ciki, a shafi na 8, tsakanin wasu bayanai masu yawa. Matuƙan ba su riƙe shi ba. Da sun riƙe shi, da sun san layi ɗaya na hanyar sauka za su gani. Hukumar ta ce laifin har da na masu tsara takardun, don sun binne magana mai nauyi cikin tarin ƙananan maganganu.

Na biyu, na'ura. Akwai wata na'ura a filin jirgi mai aiko da alama ta iska, tana nuna wa matuƙi tsakiyar hanyar sauka. A irin saukar da suka yi, sai an saita ta da hannu. An manta ba a saita ba.

Na uku, gajiya. Babban matuƙin ya yi awa fiye da 19 idonsa biyu. Mataimakinsa ya yi fiye da awa 12. A agogon Toronto, inda jikinsu ya saba, lokacin ya kusa ƙarfe 3 na dare. Barci ɓarawo ne. Mai gajiya yana iya kallon abu da ido buɗe, bai gan shi ba.

Na huɗu, sabo. Mutum yakan ga abin da yake tsammanin gani. Matuƙan sun saba da layi biyu na haske, sun ga layi biyu, sai zuciyarsu ta yarda. Ba su kaɗai ba ne. Matuƙan wani jirgi da ya sauka ƴan mintoci kafin su, su ma sun ce abin ya rikita su, amma sun gane da wuri.

Ban da haka, mutum ɗaya ne yake aiki a hasumiya a lokacin. Abokin aikinsa ya tafi hutu.

Me aka gyara?

Bayan wannan dare an canja dokar filin San Faransisko. An ce in an rufe ɗaya daga hanyoyin nan biyu, kada jirgi ya sauka da dare da ido kawai, sai da taimakon na'ura. An ce kuma mutum biyu su zauna a hasumiya har cunkoson jiragen dare ya wuce. A ƙarshen 2018 gwamnatin Kanada ta fitar da sabuwar doka bisa awowin aikin matuƙa da hutunsu.

Fasa sauka ba abin kunya ba ne

A makarantar tuƙin jirgi ana koya wa kowane ɗalibi wata doka. In kana sauka, ka ga abin da ba ka gane ba, to ka fasa. Ka tashi, ka kewayo, ka sake gwadawa. Ana zuba wa jirgi mai fiye da abin da tafiyarsa take bukata, saboda irin wannan rana. Ko ƙaramin matuƙi ne ya ce a fasa, babba zai bi. Hausawa sun ce ja da baya ga rago ba tsoro ba ne.

Da hasarar rayuka aka koyi wannan doka. A ranar 27 ga watan Maris na 1977, a tsibirin Tenerife na ƙasar Sifen, manyan jirage biyu ƙirar Boeing 747 suka yi karo bisa hanyar tashi, cikin hazo. Ɗaya na kamfanin KLM, ɗaya na Pan Am. Babban matuƙin KLM ya fara gudu, yana zaton an ba shi izini. Injiniyan da yake zaune bayansa ya tambaya ko ɗaya jirgin ya fita daga hanya. Babban ya ce ya fita, ya ci gaba. Mutum 583 suka mutu. Tun daga lokacin aka dage wajen koya wa ma'aikatan jirgi cewa ƙarami ya faɗi abin da ya gani da babbar murya, babba kuma ya saurara.

A Tenerife an yi tambaya, ba a tsaya an duba ba. A San Faransisko an yi tambaya, wani na gefe ya sa baki, wasu suka kunna fitila, matuƙa kuma suka yarda su fasa. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Irin wannan horo ake ba masu ba da hanya a ko'ina cikin duniya. A Yamai ma akwai makarantar da ake kira EAMAC, inda ɗalibai daga ƙasashen Afirka da dama suke koyon wannan aiki. Alhajin da ya shiga jirgi zuwa Makka, in ya ji jirgi ya kusa ƙasa sai kuma ya sake ɗagawa da ƙara, kada ya firgita. Matuƙi ne ya ga abin da bai gamshe shi ba, ya bi doka.

Dokar nan tana da amfani har a ƙasa. Direban da ya kwana bisa hanya, ranar kasuwa ya cika mota da mutane da buhuna, shi ma barci yana iya sace shi. In yana shakkar wuce wata mota a kwana, ya dakata. Yaron mota ko fasinjan da ya hangi haɗari ya yi magana, ko da ba a tambaye shi ba. Direba kuma kada ya ɗauki maganar raini. Wanda aka ba takardar maganin ƙwari ko ta allurar dabbobi, ya karanta ta har ƙarshe, ko ya nemi wanda zai karanta masa. Magana mai nauyi tana iya kasancewa a shafi na 8.

In kunne ya ji, jiki ya tsira. Sai wata mai zuwa, in Allah ya kai rai.