Rumbun iska

A shekarar 1891 wani malami ɗan ƙasar Denmak mai suna Poul la Cour ya kafa injin iska a garin Askov. Wutar lantarki ta samu, amma ya ci karo da abin da har gobe yake hana injiniyoyi barci: iska ba ta da alƙawari. Ran da ta taso wuta ta yi yawa, ran da ta kwanta a koma duhu. Sai ya riƙa zura wutar cikin ruwa, ruwan ya rabu gida biyu, haidurojin da oksijin, ya tara su a tankuna. Daga 1895 zuwa 1902, da wannan gas aka haskaka makarantar da yake koyarwa.

Manomi zai riga kowa gane hikimar. Damina ba ta shekara, shi ya sa aka gina rumbu. Ni a wurina haidurojin rumbu ne, kuma a matsayin rumbu ya kamata a auna shi.

Dubi tsibiran Orkney da ke arewacin Sikotlan. Iskarsu ta yi ƙarfin da wutar da suke samarwa ta fi wadda suke sha, ga shi wayar da ta haɗa su da babban yankin ƙasar ba ta iya ɗaukar rarar. Dole a tsayar da fankokin injinan iska alhali iska na kaɗawa, kamar a bar hatsi ya zube a gona don babu wurin ajiya. A 2017 suka fara karkatar da rarar wutar tsibirin Eday zuwa na'urar raba ruwa. A lokacin, gas ɗin da ya fito ana ɗura shi a tukwanen ƙarfe, jirgin ruwa ya kai shi tashar Kirkwall, can a mayar da shi wuta don jiragen da suka tsaya a tashar. Tun kafin su, a 2004, tsibirin Utsira na Norwe ya gwada haka da gidaje 10.

Sai dai wannan rumbu yana da ci, kuma nan ne masu tallarsa suke saurin wucewa. Kilo ɗaya na haidurojin yana buƙatar tataccen ruwa kusan lita 9 da wuta kimanin yunit 50, irin yunit ɗin da muke saya a mita. Idan aka zo mayar da shi wuta, da ƙyar a samu yunit 20. Ka zuba buhu uku, ka kwashe ɗaya da ɗan ɗori. Batir kuwa yana dawo maka da fiye da kashi 80 cikin ɗari. Ga wahalar riƙo: gas ne mara nauyi, mai neman kowace kafa ya sulale, mai saurin kama wuta, sai an matse shi sosai kafin ya shiga tukunya.

To me ya sa ban yar da shi ba? Saboda batir na sa'o'i ne, daga rana zuwa dare. Ajiyar makonni da watanni ta fi ƙarfinsa, kuɗin ba zai biyu ba. Haidurojin kuwa yana zama. A Teesside ta Ingila, tun shekarun 1970 ake adana shi cikin kogunan gishiri a ƙarƙashin ƙasa. Kuma wutar da za a zubar a banza, ko kashi ɗaya cikin uku aka ceto, an ci riba.

Abin da ya fi jan hankalina ma ba mayar da shi wuta ba ne. Takin yuriya da manomanmu ke kuka da tsadarsa, tushensa haidurojin ne da ake cirowa daga iskar gas. Idan iskar da ke kaɗawa za ta iya ba da shi, an tsallake asarar juyawa ta biyu.

Duk wannan sai da rara. Orkney ta kai ga haidurojin ne bayan wuta ta yi mata yawa, mu kuwa ba mu ƙoshi ba tukuna. A Lambar Rimi ta jihar Katsina an kafa fankoki 37 da aka tsara su ba da megawat 10, aikin da ya ci sama da shekara goma. Duk wanda zai zo mana da zancen haidurojin, ina roƙonsa ya fara da can: a gyara abin da ya lalace, a horar da yaranmu su iya kula da injinan, a fito da lissafin wutar da kowace fanka ta bayar a hunturu da bazara da damina. Ran da lissafin ya nuna akwai sa'o'in da wuta ke yin yawa har ana tsayar da fanka, zan dawo wannan shafi in nemi a kawo na'urar raba ruwa Katsina.