Tukunya Ce Ke Zaɓar Irin da Za a Shuka

A kwanakin nan shafukan sada zumunta sun cika da hotunan gonakin lafanda, furen nan mai launin shunayya da Larabawa ke kira huzama, har wasu daga cikinmu suka fara cigiyar irinsa don ƙawata tsakar gida. Ƙamshinsa ba abin musu ba ne. Sai dai tsiro ne na ƙasashen gaɓar Bahar Rum irin su kudancin Faransa, yana son ƙasa mai tsakuwa wadda ba ta riƙe ruwa, da sanyin hunturu. Damshin damina irin tamu yakan ruɓar da saiwarsa. Ra'ayina shi ne, kafin mu yi wahalar baƙon fure, mu fara cika gidajenmu da ganyen da tukunyarmu ke ci. Dalilina kuwa na samo shi ne daga Hartum da Umdurman na ƙasar Sudan.

Waɗannan birane suna zaune ne a inda Farin Nilu da Shuɗin Nilu suka haɗu. Ruwan saman da suke samu a shekara bai kai milimita 200 ba, zafi kuma yakan wuce digiri 40 a watan Mayu da Yuni. Duk da haka, kafin yaƙin 2023, kasuwanninsu ba su rabuwa da ɗanyen ganye, saboda lambunan bakin kogi, musamman na tsibirin Tuti da ke tsakiyar mahaɗar. Bahaushen da ya shiga kasuwar Umdurman ba zai ji baƙunta ba. Abin da suke kira muluhiya lalo ne. Weka busasshiyar kuɓewa ce da aka daka. Karkade zoɓo ne. Ga na'ana'a ta shayi, ga hulba, ga lalle. Zumuncin kuwa tsoho ne: hanyar aikin hajji ta ƙasa ta bi ta nan, kuma bayan yaƙin Burmi na 1903 jama'ar Sarkin Musulmi Attahiru suka kafa garin Mai Wurno a bakin Shuɗin Nilu. Har yau tsiren da ake kira agashe a titunan Hartum ana danganta shi da Hausawa.

Ran 15 ga Afrilu, 2023, yaƙi ya ɓarke tsakanin sojojin Sudan da dakarun RSF. Gadoji suka zama fagen daga, aka wawashe kasuwanni, tsibirin Tuti ya shiga ƙangi. A watan Disamba na shekarar garin Wad Madani ya faɗi, wato cibiyar Jazira, rumbun abincin ƙasar. Mutanen da suka saba aiken yaro ya sayo ganyen miya suka wayi gari kuɗi na hannu, abin saye babu. Da yawa sun rayu ne da tukunyar gayya ta unguwa, wadda suke kira takiya, inda matasa 'yan sa-kai ke dafa abin da ya samu a raba. A irin wannan rana, darajar tsiro tana ga ko zai shiga tukunya.

Ku dubi tafasa. A wurinmu ciyawar bakin hanya ce, sai a damina a yi kwaɗonta, wasu ma kunyar cinta suke ji. A yammacin Sudan kuwa ana daka ɗanyen ganyenta, a danna shi cikin tulu, a binne tulun a ƙasa kamar mako biyu, sannan a cura a shanya. Shi ne kawal, wanda ke tsaya wa talaka a madadin nama cikin miya. Haka suke sarrafa 'ya'yan yakuwa su zama furundu, ɗan'uwan daddawar batso. Farfesa Hamid Dirar na Jami'ar Hartum ya tattara wannan ilimi cikin littafin da ya wallafa a 1993. Abin da muke takewa da ƙafa, wasu sun ɗauke shi har zauren jami'a.

Mai karatu zai iya cewa kwano uku na lalo ba sa hana yunwa. Gaskiya ne. Lambun gida ba ya ba da dawa ko gero, kuma idan famfo ya ƙafe shi ma yakan bushe. Amma tuwo ba ya haɗiyuwa gaya, kuma a ganye ne yara ke samun sinadaran da hatsi ba ya ba su. Gidan da ke da zogale ɗaya da yakuwa da ɗoɗɗoya ya rage wa kansa cefane a lokacin lafiya, ya kuma sami abin jingina a lokacin tsanani. Guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni.

Abin takaici, gidajenmu na zamani a Kano da Katsina da Maraɗi mun shafe tsakar gidansu da siminti da tayil, ko tafin hannu na ƙasa ba mu bari ba. Iyayenmu mata kuwa ba su rasa kuɓewa a bayan ɗaki ba, da rama a gefen rijiya. Gyaran ba shi da tsada. Tsohon bokiti ko buhun siminti da aka huda ƙasansa, da ƙasa haɗe da takin awaki, sun isa. Na'ana'a reshenta ake dasawa, a ajiye ta inda inuwa ke sauka da rana tsaka. Zogale ma reshe ake kafawa. Ruwan alwala da na wanke shinkafa sun wadatar da su. Idan lalo da yakuwa suka yi 'ya'ya, a bar wasu su bushe a adana iri, domin wanda ya riƙe iri bai dogara da kasuwa ba.

Wanda ya cika waɗannan, in yana da sarari da sha'awa, sai ya gwada lafandarsa a sanyin hunturu, babu mai ganin laifinsa. Amma idan gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, shafa wa naka ruwa ake yi. Allah Ya zaunar da Sudan lafiya, Ya mayar da manoman Tuti cikin lambunansu.